Masu cewa "ba ruwanmu da siyasa"

Akwai wata magana da nake tsoro a bakin shugaban ƙungiya fiye da yadda nake tsoron barazanar hukuma: "Mu dai ba ruwanmu da siyasa." Tana da daɗin ji. Mai faɗinta yakan fito kamar dattijo, mai hankali, wanda ba ya son hayaniya. Amma ku lura da wanda ke faɗinta, ku lura da ranar da yake faɗinta. Kusan kullum ƙosasshe ne, kuma kusan kullum maganar tana fitowa ne ranar da wani talakan ƙungiyar ya shiga hannu.

Zan kafa hujjata da tarihin wata gwagwarmaya da yawancinmu ba mu san cikinta ba, ta masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi, waɗanda ake taƙaita sunansu da LGBT. Na san wasu daga jin sunan har sun yamutsa fuska. Ku yi haƙuri ku zauna. Ba fatawa zan bayar ba, wannan aiki yana da masu shi, kuma ban nemi kowa ya bar abin da ya yi imani da shi ba. Abin da ke gabana shi ne yadda mutanen da doka ɗaya ta tsananta wa suke rabuwa gida biyu, da wanda ake bari a waje in an zo rufe ƙofa.

In ana hira a fada, ana shan shayi, sai ka ji ana maganar mutanen nan kamar tsintsiya, maɗaurinta ɗaya. Wai akwai wani biro can Turai da ke ba da umarni kowa ya bi. Wanda ya karanta tarihinsu ya san sun yi rigima da junansu kamar yadda suka yi da gwamnatoci. Kuma rigimar mafi zafi ba a Turai aka yi ta ba, a nan Afirka aka yi ta, a Afirka ta Kudu, zamanin wariyar launin fata.

A watan Janairu 1966 ƴan sanda suka kai samame wani gida a unguwar Forest Town ta birnin Johannesburg, inda ɗaruruwan maza farar fata ke shagali. Gwamnati ta ce za ta kawo doka mai tsauri. Turawan suka tara kuɗi, suka ɗauki lauyoyi, suka je gaban kwamitin majalisa, har aka sassauta dokar da ta fito a 1969. Sun kare gidajensu. Dokar da ta hana baƙar fata zama cikin gari ba tare da takardar izini ba kuwa, ba ta dame su ba.

Da wannan tunani aka kafa ƙungiyar GASA a 1982, ƙungiya ta farko ta ƙasa baki ɗaya ta masu neman jinsi ɗaya. Yawancin membobinta maza ne, farar fata, masu albashi. Ta bayyana wa kowa cewa ita ba ta siyasa ba ce. A ƙasar da launin fatarka ke yanke inda za ka kwana, da lakkwal ɗin da ɗanka zai shiga, da benci da za ka zauna a tasha, wai ba ruwanta da siyasa. Tana shirya shagulgulanta a wuraren da doka ta keɓe wa Turawa, wuraren da membobinta baƙaƙe ba su da izinin shiga, kuma ba ta ga siyasa a cikin wannan ba.

Cikin baƙaƙen da suka shiga akwai wani saurayi, Simon Nkoli. An haife shi a Soweto a 1957, ya tashi a yankin Vaal. Tun yana ɗalibi yake gwagwarmaya cikin ƙungiyar ɗalibai ta COSAS, daga baya cikin gamayyar UDF da ta haɗa ɗaruruwan ƙungiyoyi masu yaƙi da wariya. Ya shiga GASA a 1983, ya ga yadda ake kallon irinsa, sai ya kafa wani rukuni na baƙaƙe a cikinta da ke haɗuwa ranar Asabar.

Ranar 3 ga Satumba 1984 unguwannin baƙaƙe na Vaal, su Sharpeville da Sebokeng, suka tashi kan ƙarin kuɗin haya. An kashe mutane da dama, har da kansilolin da jama'a ke ɗauka ƴan koren gwamnati ne. Cikin wannan watan aka kama Nkoli a wurin jana'iza. Aka haɗa shi da wasu mutum 21, cikinsu da manyan UDF irin su Mosiuoa Lekota da Popo Molefe, aka gurfanar da su kan cin amanar ƙasa da ta'addanci da kisan kai. Ita ce shari'ar Delmas. Wanda aka samu da laifi, igiya na iya jiransa.

To, me GASA ta yi wa membanta? Ta ja baya ta yi gum. Hujjarta ita ce, ai ba don neman jinsi aka kama shi ba, kamun siyasa ne, ita kuwa ba ruwanta da siyasa. Ka ji fa. Mutum yana cikin ƙungiyarka, yana zuwa taronka, ana shirin rataye shi, kai kana duba takardar dokokin ƙungiya ka ga ko layin ya ba ka damar tausaya masa. Masu aika masa wasiƙa da yi masa gangami, yawancinsu daga Kanada da Ingila da wasu ƙasashen Turai suke. A 1987 haɗaɗɗiyar ƙungiyar ta duniya, ILGA, ta dakatar da GASA saboda wannan hali.

Kada wani ya ɗauka abokan gwagwarmayarsa sun tarbe shi hannu biyu-biyu. A cikin kaso ya faɗa musu ko shi wane ne, kuma abin bai yi daɗi ba. Wasu suka ce a raba shari'arsa da tasu, kada gwamnati ta samu abin ɓata musu suna. An yi sati da sati ana gardama a bayan ƙarfe. Saurayin ya zama ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko: Turawan ƙungiyarsa sun ƙi shi don ya cika siyasa, ƴan siyasar da ke ɗaure tare da shi suna ƙyamarsa don abin da yake. Amma a nan bambancin yake, kuma shi ne ya sa nake rubutun nan. Ƴan kason sun yi gardama da shi fuska da fuska, suka ji ta bakinsa, a ƙarshe suka tsaya gaban alƙali su 22 tare. Mutanen da ke da dalilin tsoro na gaske, waɗanda wuyansu ke kan igiya, su suka iya canza ra'ayi. Waɗanda ke kwance cikin gidajensu na unguwar Turawa, babu abin da zai same su in sun fitar da sanarwa ɗaya, su suka kasa.

Kuma ku ga inda ƙarya ta ƙare. A 1987, ana tsakiyar shari'ar, aka yi zaɓen majalisa na Turawa zalla. A unguwar Hillbrow ta Johannesburg, inda masu neman jinsi ɗaya farar fata ke da yawa, jaridarsu mai suna Exit ta mara wa Leon de Beer baya, ɗan takarar jam'iyyar National Party, wato jam'iyyar da ta gina wariya kuma take riƙe da Nkoli, don kawai ya yi musu alkawarin zai kula da bukatunsu. Ya ci kujerar. Daga baya kotu ta same shi da maguɗi a zaɓen, amma wannan wani zance ne. Abin lura shi ne ashe akwai ruwansu da siyasa. Sun san ƙuri'a, sun san ciniki, sun san yadda ake sayen depite. Siyasar baƙar fata ce kaɗai ba ruwansu da ita.

Bari in tsaya nan in yi wata ƴar magana da mu. Kowa ya san takardun ƙungiyoyinmu, da wuya ka buɗe ɗaya ba ka tarar da layin da ke cewa ƙungiyar ba ta siyasa ba ce. In ana nufin ba reshen wata jam'iyya ba ce, ba ta karɓar umarni daga mai neman kujera, na yarda, har ma ina goyon baya. Amma layin nan yana da fuska ta biyu. Ranar da aka ɗauke wani ɗan ƙungiya kan maganar haya ko tsadar hatsi ko wutar lantarki, shi ne layin da shugabanni ke ɓuya bayansa. GASA ba ta ƙirƙiro wannan dabara ba, ta dai nuna ta tsirara.

An ba da belin Nkoli a 1987, bayan ya yi kusan shekara 3 a tsare, kotu ta wanke shi a 1988. Lekota da Molefe aka ɗaure su, sai a ƙarshen 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Da fitowarsa bai koma GASA ba, wadda ma ta riga ta watse. Shi da wasu matasa, cikinsu da wata budurwa ƴar Soweto, Beverley Ditsie, suka kafa GLOW a 1988, ƙungiyar da baƙaƙe suka fi yawa a ciki, kuma ta ce ƙarara tana cikin yaƙi da wariya. Ranar 13 ga Oktoba 1990 suka yi macin farko irinsa a nahiyar Afirka, a titunan Johannesburg, mutum kamar 800. Wasu sun rufe kawunansu da jakar takarda don tsoron kada a gane su a kore su daga aiki. A jawabinsa Nkoli ya ce shi baƙi ne kuma mai neman jinsi ɗaya ne, ba zai iya raba kansa biyu ya ce wannan gwagwarmaya ce babba wannan ƙarama ba.

Ita ma ANC ba da wannan ra'ayi ta tashi ba. A 1987 wani ɗan gwagwarmaya na Ingila, Peter Tatchell, ya yi hira da Ruth Mompati, ɗaya daga shugabannin ANC da ke gudun hijira, ta yi watsi da zancen gaba ɗaya. Da hirar ta fito aka yi ca, har Thabo Mbeki ya rubuta wasiƙa yana cewa alkawarin ANC na kawar da kowane irin wariya ya haɗa da waɗannan mutane. Daga nan har kundin tsarin mulki na wucin gadi na 1993, har na dindindin na 1996, wanda sashensa na 9 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake nema. Babu kundin wata ƙasa a duniya da ya riga shi faɗin haka. A 1998 kotun tsarin mulki ta soke dokokin da suka mai da abin laifi. Shugaban kotun a lokacin, Arthur Chaskalson, yana cikin lauyoyin da suka kare mutanen Delmas.

Yanzu ga abin da masu kare irin hanyar GASA za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji su ba. Za su ce: ai nasarar 1996 ba da ihu aka same ta ba. Gamayyar da aka kafa a ƙarshen 1994 don kare wannan sashe, NCGLE, ta yi aiki ne da ladabi, da lauyoyi, da ganawa cikin biro, ta hana mutanenta tayar da maganar aure don kada a firgita majalisa. Bukata ɗaya aka riƙe, aka same ta. To ina laifin taƙaita buri?

Gaskiya ne an yi haka, kuma ya yi aiki. Amma wa ya buɗe ƙofar biron da lauyoyin suka shiga? Mutanen da ke rubuta kundin sun yi kaso da Nkoli, ko sun san waɗanda suka yi. Lekota da kansa ya faɗa daga baya cewa ba yadda za a yi su ce a nuna bambanci ga irin su Simon, waɗanda suka sa kafaɗa aka ture wariya tare. A 2006, yana ministan tsaro, ya miƙe a majalisa ya kare dokar auren da aka amince da ita da ƙuri'a 230 a kan 41. Da a ce tarihin mutanen nan ya tsaya kan GASA da jaridar Exit, da wace fuska za su je gaban ANC a 1994? Da fuskar waɗanda suka zaɓi National Party? Abin da aka ce wa Nkoli ɓata lokaci ne, jan ƙungiya cikin rigimar da ba tata ba, shi ne jarin da aka ci riba da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi kuwa bai ci ribar ba sosai. Ya rasu ranar 30 ga Nuwamba 1998, yana da shekara 41, da cutar sida, a lokacin da maganin rage kaifinta ya riga ya samu a Turai da Amurka amma ya fi ƙarfin aljihun talakan Afirka. Kwana 10 bayan rasuwarsa abokinsa Zackie Achmat da wasu suka kafa TAC don neman magani ga kowa. Yawancin waɗanda suka cika sahunta mata ne baƙaƙe, talakawa, na unguwannin bayan gari, da yawa ba abin da ya haɗa su da neman jinsi. Suka kai gwamnatin Mbeki kotu, Mbekin nan dai mai wasiƙa, kuma a Yuli 2002 kotun tsarin mulki ta tilasta wa gwamnati ba mata masu ciki maganin da ke kare jariri daga kamuwa. Wannan ita ce hanyar da ba ta ce "ba ruwanmu" ba.

Ba ina cewa Nkoli waliyyi ba ne. Ditsie da kanta ta yi fim a 2002 kan abotarsu, ta nuna yadda suka ɓata saboda tana ganin a cikin GLOW ma maza sun danne maganar mata. Wanda aka bari a waje jiya yana iya riƙe ƙofa yau.

Wani zai ce wannan ciwon Afirka ta Kudu ne, wariya ce ta haife shi. To mu leƙa Amurka a gurguje. Bayan boren Stonewall na 1969 a New York, ba a yi wata 6 ba ƙungiyar da ta fito daga boren ta tsage, kuma cikin abubuwan da suka tsaga ta akwai tambayar ko za a goyi bayan ƴan Black Panther, baƙaƙen da hukuma ke farauta. Masu cewa a tsaya kan bukata ɗaya suka fita suka kafa tasu, GAA. A nan zan ba su haƙƙinsu: tasu ta daɗe har 1981 kuma ta iya matsa wa ƴan siyasa, ɗayar kuwa taro marar ƙarewa ya cinye ta cikin shekara 3. Ƙungiya ba za ta ɗauki kayan duniya duka a ka ba, kowa ya san wannan. Dole a zaɓi abin da za a fara.

Tambayata ita ce, wa ke zaɓa, kuma wa ake ce wa ya jira? Da aka zo neman dokar birnin New York, sai aka cire masu sauya jinsi da maza masu shigar mata daga daftarin, wai za su ba ƴan majalisa tsoro. Su ne kuwa suka fi kowa kwana a titi, suka fi kowa shan kulki. A Yuni 1973 ɗaya daga cikinsu, Sylvia Rivera, ta ƙwaci makirfo a wurin gangamin shekara tana tuna wa jama'a ƴan uwansu da ke kaso, aka yi mata ihu. A Disamba 2002 jihar New York ta yi dokar hana nuna bambanci, aka sake barin su a waje, aka ce su yi haƙuri za a dawo a ɗauke su. Rivera ta rasu a farkon wannan shekara, ba ta ma ga wannan ba. An dawo kuwa, a 2019. Shekara 16 ke nan ana "sai an jima".

A 2007 aka sake yin irinta a majalisar tarayya. Ɗan majalisa Barney Frank, wanda shi kansa mai neman jinsi ɗaya ne, ya cire masu sauya jinsi daga dokar kare ma'aikata, ya ce ƙuri'u ba za su kai ba in suna ciki. Ƙungiyoyi sama da 300 suka ce ko duka ko babu. Babbar ƙungiyarsu mai kuɗi, HRC, ta bi Frank. Dokar ta wuce majalisar wakilai da 235 a kan 184, ta je majalisar dattawa ta mutu. An sayar da ɗan uwa, kuɗin ma ba a karɓa ba. Kariyar da ake nema sai a Yuni 2020 ta zo daga kotun ƙoli, kuma ta zo wa kowa lokaci guda. Cikin ƙararrakin da aka yanke hukunci a kansu akwai ta Aimee Stephens, mai sauya jinsi da aka kora daga aiki a gidan shirya gawa. Ta rasu wata ɗaya kafin hukuncin.

Ciwon yana da wani kamanni, wanda ba shiru ba ne, surutu ne daga nesa. Peter Tatchell ɗin nan da ya taimaka a 1987, shi ne a farkon 2007 wasu ƴan gwagwarmayar Afirka suka fitar da takarda a kansa suna gargaɗin kada a bi kamfen ɗin ƙungiyarsa kan daftarin dokar Najeriya. Sun ce ana yin abu da sunansu ba a shawarce su ba, kuma su za a daka in abin ya juye. Shi ya musanta zargin. A 2011 da Firaministan Ingila David Cameron ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi ɗaya, ƙungiyoyin Afirka da dama, ciki har da na mutanen da wai ake son karewa, suka ce ba su so. Hujjarsu a fili take: in aka yanke kuɗin asibiti da lakkwal, su ma talakawa ne za su rasa, sannan maƙwabta su ɗora musu laifi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai shiru a unguwar Turawa da mai ihu daga Landan abu ɗaya ya haɗa su: duk sun yanke shawara ba tare da wanda zai sha bugun ba. Kuma wannan kaɗai ya isa ya rushe tatsuniyar biro ɗaya mai ba da umarni.

Mu koma Afirka ta Kudu, don can lissafin bai rufe ba. Kundi ya ba da ƴanci, kotu ta tabbatar, majalisa ta sa hannu. Mai mota da gida mai katanga a arewacin Johannesburg ya samu duk abin da yake nema. Yarinyar da ke shiga motar haya ta sauka a unguwar bayan gari da dare fa? A Fabrairu 2006 gungun samari suka kashe Zoliswa Nkonyana, ƴar shekara 19, a Khayelitsha kusa da Cape Town. An ɗage shari'ar sama da sau 40, sai a 2012 aka ɗaure mutum 4 shekara 18 kowanne. A Yuli 2007 aka kashe Sizakele Sigasa da Salome Masooa a Soweto. A Afrilu 2008 aka yi wa Eudy Simelane fyaɗe aka caccaka mata wuƙa a KwaThema, matar da ta buga wa ƙasarta ƙwallo cikin ƙungiyar mata ta ƙasa. A Afrilu 2011, a KwaThema ɗin dai, aka kashe Noxolo Nogwaza, ƴar shekara 24, uwar ƴaƴa biyu. Duk abin da mutum ke gani game da rayuwar matan nan, ban san addini ko al'adar da ta ba ƙattin unguwa izinin fyaɗe da kisa a bakin kwata ba.

A wannan tsakanin macin da Nkoli da Ditsie suka fara ya canza hannu. Ya bar tsakiyar gari ya koma Rosebank da Zoo Lake, unguwannin masu hali. Kamfanoni suka shigo da tallarsu, motoci masu kiɗa suka maye gurbin kwalaye masu rubutu. Aka mai da shi biki, aka ce mutane sun gaji da siyasa. Tsohuwar maganar ta dawo da sabuwar riga. Matan Soweto tun 2004 suka fara nasu macin a unguwarsu.

Ranar 6 ga Oktoba 2012, bikin yana tafe kan titin Jan Smuts, sai mata kamar 20 na ƙungiyar One in Nine, yawancinsu baƙaƙe, suka shiga gabansa. Sunan ƙungiyar daga wani bincike yake, wanda ya nuna cikin mata 9 da aka yi wa fyaɗe ɗaya ce ke kai ƙara. Suka kwanta a kan kwalta tare da mutum-mutumi, kamar gawarwaki, suka ɗaga ƙyallen da ke cewa babu abin murna. Ba kuɗi suka nema ba, ba kujera a kwamiti ba. Minti ɗaya na shiru suka roƙa don waɗanda aka kashe.

Ba a ba su ba. Masu shirya bikin suka ture su, aka zage su, daga cikin taron aka ji masu cewa su koma unguwanninsu na bayan gari. An ɗauki abin a bidiyo, kowa ya gani. Da aka tambayi masu bikin, suka ce matan ba su nemi izini ba, sun tare hanya, ba a san ko su wane ne ba, kuma akwai ƙa'idar tsaro da aka yi da hukuma. Wataƙila duk gaskiya ne. Amma ku auna: macin da aka fara shi da mutane masu jakar takarda a ka, macin da wanda ya kafa shi ya fito daga shari'ar cin amanar ƙasa, ya kai matsayin da matan Soweto da KwaThema sai sun cika takarda kafin su yi makokin matattunsu a cikinsa. Kuma shugabanninsa ba su ma gane fuskokinsu ba. Haba.

A 2013 kwamitin ya rushe kansa. Wasu suka kafa wani maci na daban da suka kira na jama'a, suka mai da shi tsakiyar gari, wajen tsohon gidan kason da yanzu kotun tsarin mulki ke zaune. Babban bikin kuwa ya ƙara gaba zuwa Sandton, unguwar bankuna da manyan otal, inda ba a cika samun mai kwanciya a kan titi ba.

Ranar da matan nan suka roƙi minti ɗaya, wata 17 ke nan da kashe Noxolo Nogwaza, kuma ba a kama ko mutum ɗaya ba.